Harobanda: Abin yi idan kwamfuta ta ƙi sakin faifan ajiyarka

A Harobanda, ɓangaren birnin Yamai da ke tsallaken Kogin Neja, aikin shekara guda ko biyu na ɗalibi yakan zauna ne a cikin wani ɗan akwati da bai wuce tafin hannu ba. Shi ne faifan ajiya na waje, wanda ake jonawa da kwamfuta ta kafar USB, mazauna Yamai kuma suka fi saninsa da sunansa na Faransanci, disque dur. A cikinsa ake tara kundin kammala karatu, da alƙaluman bincike, da hotunan takardun shaida, da littattafan da aka sha wahala kafin a sauke daga intanet.

Matsalar da kusan duk mai irin wannan faifai ya taɓa karo da ita ita ce: ka gama aiki, ka danna alamar cirewa, sai kwamfuta ta ce ba za ta sake shi ba domin ana amfani da shi, alhali kai ba ka ga komai a buɗe ba. Da yawa sukan yi tsaki su fizge wayar. Sau tara cikin goma, a ce, ba abin da ke faruwa, kuma wannan ne ke sa mutane raina gargaɗin. Ranar da aka yi rashin sa'a kuwa, fayil ɗaya ko faifan gaba ɗaya ne ke ƙin buɗewa.

Unguwar da faifai ke yawo hannu-hannu

Sunan Harobanda daga Zabarmanci yake, ma'anarsa bayan ruwa. Ita ce gunduma ta biyar ta birnin Yamai, mai ƙunshe da unguwanni irin su Lamorde, Karaje, Kirkisoye, Nogare da Sagiya. Ta soma bunƙasa ne bayan an buɗe Gadar Kennedy a 1970. A nan Jami'ar Abdou Moumouni take, wadda aka kafa a 1971, aka kuma raɗa mata wannan suna a 1992. A nan ma cibiyar AGRHYMET take, wadda tun 1974 ke horar da masana yanayi da noma da ruwa na ƙasashen Sahel, ga kuma makarantar injiniyoyi ta EMIG da babban asibitin Lamorde.

Inda ɗalibai suka taru, nan shagunan buga takardu da gurza su da ɗinke kundi ke taruwa. Ɗalibi zai rubuta babi a kwamfutarsa ko ta abokinsa, ya kai wa malami ya duba, ya wuce shago a buga masa. A yini guda faifai ɗaya na iya shiga kwamfuta uku ko huɗu, kowace da irin manhajojinta da irin cututtukanta. A shago kuma akwai layi, na bayanka yana jira, mai shago yana son ka ba da wuri. Wannan gaggawa ce ke haifar da yawancin fizgar waya.

Sai kuma wutar lantarki. Kafin 2023, kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da kamfanin NIGELEC ke rabawa daga Najeriya take zuwa. Da aka katse layin a watan Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Yamai ta shiga rabon wuta unguwa-unguwa har zuwa 2024. Ko a shekarun da babu rikici, watannin zafi na Maris zuwa Mayu lokaci ne na ɗauke wuta, duk da tashar Gorou Banda da aka buɗe a 2017 a wannan ɓangare na kogi. Ga faifan da ke jone da kwamfutar tebur marar batir, ɗaukewar wuta da fizgar waya duk abu ɗaya ne.

Me ya sa kwamfuta ke ƙin saki?

Ka ɗauki misalin mai shagon da ke ba da bashi. Idan ciniki ya yi yawa, ba ya buɗe babban littafi a kan kowane mutum, sai ya riƙa rubutawa a guntun takarda, idan ya samu sarari ya kwashe zuwa littafi. In aka ɗauke littafin kafin ya kwashe, lissafin ranar ya tafi.

Haka kwamfuta take yi. Rubutu a kan faifai yana da nawa idan aka kwatanta da ƙwaƙwalwarta ta wucin gadi, don haka takan riƙe wasu bayanai a can, ta nuna maka kamar ta gama, sannan ta zuba su a faifan daga baya. Bayan haka, kowane faifai yana da jadawalin da ke nuna sunan kowane fayil da inda gutsattsarinsa suke. Adana fayil ɗaya yana nufin rubutu a wurare da dama: bayanan kansu, da jadawalin, da lissafin sararin da ya rage. Idan aka katse aikin a tsakiya, sai jadawali ya ce abu yana nan alhali ba ya nan.

Danna alamar cirewa umarni ne ga kwamfuta ta kwashe duk abin da ta riƙe, ta rufe jadawali, ta sallami faifan. Idan ta ƙi, tana gaya maka ne cewa wata manhaja har yanzu tana riƙe da wani fayil ko wata jaka a cikinsa. Aikinka shi ne ka gano wace ce.

Girman haɗarin ya danganta da tsarin da aka shimfiɗa wa faifan. Tsarin NTFS na Windows yana ajiye ɗan kundin abin da yake shirin yi, don haka yakan iya gyara jadawalinsa bayan katsewa, ko da yake ba ya dawo da rubutun da bai kai ga faifai ba. Tsarin FAT32, wanda ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya kai gigabait 4, da tsarin exFAT da Microsoft ya fito da shi a 2006, ba su da wannan kariya. Mutane da yawa suna zaɓar exFAT saboda yana aiki a Windows da Mac duka, ba tare da sanin cewa yana saurin rikicewa idan aka fizge shi ba.

Akwai masu cewa ai Microsoft ya soke buƙatar danna alamar cirewa. Abin da ya faru shi ne, daga Windows 10 samfurin 1809, kamfanin ya mayar da tsarin cirewa da sauri ya zama na asali ga na'urorin USB, wato kwamfuta ba ta jinkirta rubutu. Wannan ya rage haɗari, amma bai kare fayil ɗin da ake cikin kwafa ko adanawa a daidai lokacin da ka ja waya ba. Ba ka kuma san yadda aka saita kwamfutar shagon da ka shiga ba.

Waɗanda suka fi riƙe faifai

Na farko shi ne fayil ɗin da ka manta a buɗe: takardar Word da aka naɗe a ƙasan allo, ko PDF da ke cikin wani shafi na burauza, ko bidiyon da aka tsayar a VLC. Word yakan ƙirƙiri wani ɓoyayyen fayil mai farawa da alamar ~$ a gefen takardarka, kuma yana riƙe da shi har sai an rufe takardar.

Na biyu shi ne tagar da ke nuna jakunkunan faifan, musamman idan tana haɗa ƙananan hotunan bidiyo ko tana nuna samfotin takarda a gefe.

Na uku su ne masu aiki a ɓoye: manhajar rigakafin ƙwayar cuta da ke bincikar faifan tun da aka jona shi, da sashen Windows mai lissafa fayiloli domin saurin nema, da manhajojin da ke kwafe fayiloli zuwa intanet irin su OneDrive da Google Drive. Faifai mai terabait 1 da ya cika yana iya ɗaukar dogon lokaci ana bincikarsa.

Na huɗu shi ne wanda ya fi addabar shagunan buga takardu, wato ƙwayar cutar nan da ke ɓoye jakunkunan mutum ta maye gurbinsu da gajerun hanyoyi masu ɗan kibiya, wadda a Yamai ake kira virus raccourci. Tana gudana ne a ɓoye, sau da yawa ta hanyar wscript.exe, tana rubuta kanta a duk faifan da aka jona, don haka ba ta barin sa ya huta.

Matakan da za ka bi a Windows

Ka fara da mafi sauƙi. Adana aikinka, rufe duk manhajojin da ka buɗe da duk tagogin jakunkuna, sannan ka dubi ɗan hasken da ke jikin faifan. Idan yana ƙyaftawa da sauri, ana karatu ko rubutu a ciki. Ka ba shi minti ɗaya ko biyu ka sake gwadawa. Sau da yawa a nan maganar ke ƙarewa.

Idan bai saki ba, ka nemo mai riƙon. Yawancin kwamfutocin Yamai da Faransanci suke, na Kano da Ingilishi, amma umarnin da za a rubuta iri ɗaya ne. Danna maɓallin Windows tare da harafin R, rubuta resmon, ka danna Enter. Shiga shafin da aka rubuta Processeur ko CPU. A tsakiyarsa akwai akwatin nema. Rubuta harafin faifanka kamar haka, E:\ idan E ne harafinsa. Za ka ga sunayen manhajojin da ke riƙe da wani abu a cikinsa. Idan ka ga wadda ka sani, kamar WINWORD ko vlc, ka koma ka rufe ta yadda aka saba. Idan explorer.exe ne, danna Ctrl da Shift da Esc tare, ka nemo shi a jerin, ka sake kunna shi. Allo zai ɗan ƙyafta ya dawo, ba wata illa. Abin da aka rubuta System kuwa, ko duk sunan da ba ka gane ba, kada ka kashe shi da ƙarfi.

Akwai hanya ta biyu ta gano mai laifin. Duk lokacin da Windows ya ƙi sakin na'ura, yakan rubuta dalili a kundinsa. Ka rubuta eventvwr a akwatin nan na Windows da R, ka shiga sashen Système ko System, ka nemi gargaɗi mai lamba 225. A ciki za ka ga sunan manhajar da ta hana cirewar.

Idan duk wannan bai yi ba, ka fita daga asusunka na kwamfutar ka sake shiga. Hakan yana rufe duk abin da ke gudana da sunanka. Masu ɗan ƙwarewa kuma za su iya rubuta diskmgmt.msc, su nemo faifan, su mayar da shi wanda ba ya kan layi, sannan su cire. Sai dai a tuna, ranar da aka sake jona shi a wannan kwamfuta ba zai bayyana ba sai an koma an kunna shi, kuma a kula sosai kada a taɓa faifan cikin kwamfutar bisa kuskure.

Mataki na ƙarshe, wanda ba ya buƙatar wata ƙwarewa, shi ne kashe kwamfutar gaba ɗaya. Ka riƙe maɓallin Shift yayin da kake danna kashewa, domin Windows ya mutu sosai maimakon rabin barcin da ya saba yi don saurin tashi. Ka jira hasken ya mutu, ka ji faifan ya daina kaɗawa a hannunka, sannan ka zare. Rufe murfin laftof ba kashewa ba ne. Kwamfutar da ke barci tana nan da faifan a lissafinta.

Masu Mac da Linux da waya

A Mac, waɗanda suka fi riƙe faifai su ne Spotlight mai lissafa fayiloli da Time Machine mai ajiyar kwafi. A manhajar Terminal, umarnin sudo lsof tare da /Volumes/ da sunan faifan zai jero masu riƙon. Idan ka ga mds ko mds_stores, Spotlight ne, ka ɗan jira. Idan backupd ne, ana cikin ɗaukar kwafi, ka tsayar da shi daga alamarsa tukuna. Mac yana ba da zaɓin cirewa da ƙarfi, amma kada a yi amfani da shi sai an tabbatar babu abin da ake kwafa.

A Linux, wanda ɗaliban kimiyya da injiniya ke amfani da shi, abin da ya fi jawo matsalar shi ne tagar umarni da aka bari tana tsaye a cikin wata jaka ta faifan. Rubuta cd kawai ka fita. Umarnin fuser -vm ko lsof zai nuna sauran masu riƙon, umarnin sync kuma zai tilasta kwashe abin da ke jiran rubutu. Zaɓin umount -l yana ɓoye faifan ne daga ido alhali aiki na iya ci gaba a ƙarƙashi, don haka ba lasisin jan waya ba ne.

Masu jona kile, wanda a Najeriya ake cewa filash, a wayar Android su ma suna da wurin cirewa a sashen ma'ajiya na saitin waya, ko a sanarwar da ke saman allo.

Idan aikin gama ya gama

Idan an riga an fizge, ko wuta ta ɗauke, ka sake jona faifan ka ga abin da zai ce. In Windows ya nemi ya bincika ya gyara, kuma fayiloli suna buɗewa, ka fara kwashe mafi muhimmanci zuwa wani wuri kafin ka amince. Bayan nan umarnin chkdsk E: /f zai daidaita jadawalin. A Mac, faifan exFAT da aka fizge yakan daɗe bai bayyana ba saboda ana bincikarsa a ɓoye. Ka bar shi ya gama.

Idan kuwa kwamfuta ta ce sai an wanke faifan, wato a yi masa fomatin, kafin a iya amfani da shi, amsar ita ce a'a. Galibi bayananka suna nan, jadawalin ne ya rikice. Kada ka adana sabon abu a ciki. Akwai manhajoji biyu na kyauta, TestDisk da PhotoRec, da wani Bafaranshe mai suna Christophe Grenier ya rubuta. Ta farko tana ƙoƙarin gyara jadawali, ta biyu tana tsinto fayiloli ko da babu jadawali, sai dai sukan dawo ba tare da sunayensu na asali ba. Duk abin da aka ceto a zuba shi a wani faifan dabam. Idan za ka kai wa mai gyara, ka gaya masa tun a bakin ƙofa cewa bayanan kake so, kada ya wanke.

Wanda ƙwayar gajerun hanyoyi ta kama kuma, kada ya danna gajerun hanyoyin. A kwamfuta mai tsabta, bayan an bincike faifan da manhajar rigakafi, umarnin attrib -h -r -s /s /d E:\*.* zai fito da jakunkunan da aka ɓoye.

Lokacin da laifin na faifan ne

Idan faifai yana ƙin fita a kowace kwamfuta, yana daskarar da aiki, yana ɓacewa yana dawowa, to a zargi wayarsa ko shi kansa. Ƙaramin faifai mai inci 2.5 yana shan wuta ne daga kafar USB. Tsohuwar kafa ta USB 2.0 tana ba da miliyamfa 500, ta USB 3.0 kuma 900. Sakakkiyar waya, ko kafar gaban kwamfutar tebur, ko ɗan reshen da aka jona na'urori da yawa a kai, na iya gaza ba shi abin da yake bukata. Canza waya da kafa shi ne gwaji mafi arha.

A cikin akwatin akwai faranti da ke juyawa, yawanci sau 5,400 a minti guda, da wata allura da ke shawagi a samansa a tazarar da ta fi silin gashi ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Faɗuwa daga tebur yana cikin aiki na iya kashe shi nan take. Zafi ma abokin gaba ne. Masu ƙera irin waɗannan faifai sukan ƙayyade zafin wurin aiki a kan digiri 35 ko 40, alhali a watan Afrilu Yamai kan haura 40 da rana. Barin faifai a akwatin babur a rana, sannan a jona shi nan take, gajarta masa kwana ne.

Manhajar CrystalDiskInfo ta kyauta tana karanta rahoton lafiyar da faifai ke ajiyewa game da kansa. Idan ta nuna ruwan ɗorawa ko ja, a kwashe komai yau. Idan kuma faifan ya soma ƙara ƙas-ƙas-ƙas, a kashe shi, domin kowace sake jonawa tana ƙara ɓarna.

Kwafi ɗaya ba ajiya ba ce

Mutanen Harobanda sun san asarar dare ɗaya. A daminar 2020, kogi ya fasa shingen Lamorde, ruwa ya mamaye gidaje, dubban mutane suka bar matsugunansu. Faifan da ke cikin ɗakin da ruwa ya ci, ko jakar da aka sace a tasha, ba wani umarni da zai dawo da su.

Masana ajiyar bayanai suna da ƙa'idar da suke kira 3-2-1: kwafi uku, a kan na'urori iri biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri dabam. Ga ɗalibi, wannan bai buƙatar kuɗi mai yawa. Kundin Word mai shafi ɗari, idan ba a cika shi da hotuna ba, bai wuce 'yan megabait ba. Asusun Google yana ba da gigabait 15 kyauta. Tura wa kanka babin da ka gama ta imel duk ƙarshen mako, da kwanan wata a jikin sunan fayil, ya wadatar.

Wata dabarar kuma ita ce kada babban faifan ya riƙa zuwa shago. A mayar da abin da za a buga zuwa PDF, a sa shi kaɗai a ƙaramin kile, ko a tura wa mai shago ta WhatsApp. Idan kilen ya kwaso cuta, wanke shi ba asara ba ce. Masu shaguna su ma za su taimaki kansu da abokan cinikinsu idan suka sa wa kwamfutocin tebur na'urar riƙe wuta, wadda ake kira onduleur, ko da mai ba da minti biyar ce, suka kuma riƙa sabunta manhajar rigakafi.

Hausawa suka ce sauri ya haifi nawa. Rufe tagogi, jiran haske ya tsaya, da kashe kwamfuta idan ta kama, duka ba su wuce minti uku ba. Sake rubuta babi huɗu na kundi ana saura mako guda a kare shi gaban malamai kuwa, wanda ya taɓa yi ne kaɗai ya san tsawonsa.